Rabin Magana na Mai Ji Ne

Bara, ana gab da shuka, na zauna a zauren dagacin garinmu, wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, ana sasanta rikicin iyakar gona. Masu rikicin 'ya'yan wa da ƙani ne, gonar kuma ta kakansu ce, an raba ta tun ba a haife su ba. Ƙaramin ya ce babban ya tuge gambar da ke kan iyaka lokacin sharar gona, ya shigo masa da kunya biyu. Babban ya rantse cewa shanu ne suka cinye gambar da rani, iyaka kuwa tana nan inda take, daidai gindin aduwa. Tun bayan la'asar ake abu ɗaya. An kira shaidu uku, kowa da inda ya nuna. A waje kuma, jikin katanga, ga wani dillalin filaye zaune a kan babur, don labari ya kai masa cewa ƙaramin ya ce in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa zai sayar da kasonsa ya huta.

Can sai baffansu, wanda shi kaɗai ya rage a cikin iyayen, kuma bai ce uffan ba tun da aka zauna, ya gyara zama ya dubi dagaci ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni dai abin da na sani, sai bango ya tsage..." Ya yi shiru. Bai ƙarasa ba, ba kuma wanda ya ce ya ƙarasa. Na ga mutum biyu-uku sun waiga wajen ƙofa, inda ake hango babur ɗin. Babban ya sunkuyar da kai. Ƙaramin ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Baffa, na ji. Na bar maganar." Aka shafa fatiha. Kafin mu fito mai babur ya tayar ya tafi.

Tun ranar nake juya abin a raina. Tsohon nan bai kawo shaida ba, bai ce ga inda iyaka take ba, bai kira kowa ƙadangare ba. Kalma huɗu ya faɗa ya bar sauran. Mu da ke zaune mu muka ƙarasa masa, kowa a zuciyarsa. Mu muka nemo ƙadangaren muka same shi a waje kan babur, mu muka yanke cewa bangon shi ne zumuncin gidan. Da ya fito fili ya ce, "Kai, kada ka sayar wa bare gonar ubanka," da ƙaramin ya sami abin da zai yi musu da shi. Amma mutum ba ya musu da maganar da shi ya ƙarasa ta. Gani yake tunaninsa ne, daga cikinsa ta fito. A ganina nan ne ƙarfin adon harshe yake, kusan kowane irinsa: mai magana ya yi rabin aiki ya bar wa mai ji rabi, abin da mai ji ya sa wa hannu kuwa ya zama nasa.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare ta karkara, kuma shekara da shekaru ina jera wa yara sunayen waɗannan dabaru a allo: kamantawa, siffantawa, alamtarwa, kambamawa, sai jinsarwa da rassanta, wato mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Yawancin kalmomin ta hannun malaman jami'a suka iso mana, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, wanda ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa da ɗalibai ke bi har yau. Tun kafin su kuma malaman zaure suna karantar da balaga da rassanta uku, ma'ani da bayani da badi'i, suna rarrabe tashbihi da isti'ara da kinaya. Sunaye dai ba mu rasa su ba. Abin da muke sakaci da shi shi ne tambayar me dabarar ta yi wa wanda ya ji ta. Kalmar "ado" ma kanta tana ɗan ɓatar da mu, don tana sa yaro ya ɗauka abin kamar lalle ne ko kwalli, a shafa don kyau, a wanke in an ga dama, magana tana nan yadda take. Wanda ya zauna a zauren nan ya san da an wanke bangon da ƙadangaren, ba abin da zai rage a bakin tsohon.

Karin magana yana da wani ƙarfi na biyu, wato aron baki. Mai faɗa ba ya cewa "ni na ce", cewa yake "Hausawa sun ce", ko "masu iya magana suka ce". Magidanci ɗan shekara talatin yana iya ja da baffansa in ya cije, amma ta ina zai fara ja da Hausawa gaba ɗaya, na raye da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya? Sai dai Hausawa sun ce abubuwa da yawa. Su suka ce naka sai naka, su kuma suka ce da ɗan gari kan ci gari. Su suka ce sannu ba ta hana zuwa, su suka ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Rumbu ne cike da hotuna, mai magana ne ke zura hannu ya zaɓo wanda zai ɗaga. Da a ranar wani dattijon ne ya riga buɗe baki ya ce, "Daga ƙin gaskiya...", ya yi shiru, da wataƙila igiya aka aika a ɗauko, aka ɗunguma gonar a auna.

Har yau ba a auna kunyoyin nan biyu ba, babban ne ke noma su. An sami zaman lafiya, kuma ban raina shi ba, don gida ne da ake haɗa biki da jana'iza, 'ya'yansu a akushi ɗaya suke ci. Amma in gaskiyar ƙaramin ce, to, da kalma huɗu aka raba shi da haƙƙinsa, kuma shi da bakinsa ya ce ya bari. Wannan yakan tuna mini hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, ya yanke hukunci bisa abin da ya ji, to wanda aka ba haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yankar masa. Shi ne kuma ya ce a cikin bayani akwai sihiri. Iya magana ba ta da ɓangare. Mai gaskiya na riƙe ta, marar gaskiya ma na riƙe ta.

Inda rabon aikin nan ya fi zurfi shi ne habaici. A gidan gandun da na tashi, tsohuwa ce ke riƙe da awo, ita ke fitar wa kowace suruka hatsin girkinta. Akwai matar wani yayanmu da kullum nata mudun ba ya cika, ga baki goma sha na jiran tuwo. Ba ta isa ta ɗaga ido ta ce wa uwar mijinta, "Inna, hatsin nan ba zai kai ba." Ranar da abin ya ishe ta, tana tsakar gida tana sussuka, sai ta sa maganar cikin bugun taɓarya, kamar da turmi take: a ba kaza tsaba a tafin hannu, a zo neman ƙwai da kwando. Sau uku ta maimaita, taɓarya na amsa mata. Tsohuwa tana ɗaki, labule a sake, ta ji sarai. Ba ta tanka ba, don in ta tanka ta amsa da ita ake, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da girki ya sake zagayowa kan matar, mudu ya fito da tozo. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba kuma wanda aka kunyata a gaban yara.

Zambo daban ne. Shi makamin maroƙi ne, yana zana mutum, tafiyarsa da haƙoransa da rowarsa, har kowa ya gane shi ya yi dariya. Habaici kuwa ajiye takalmi yake a tsakar gida ya koma gefe, wanda ya ga daidai ƙafarsa ya saka. Dubi yawan sunayen da muka ba wannan hanya ta faɗa ba a faɗa ba: gugar zana, shaguɓe, hannunka mai sanda, jirwaye mai kama da wanka. Mutane ba sa yi wa abu sunaye da yawa haka sai suna yawan buƙatarsa. A ƙauye rijiya ɗaya ce, masallaci ɗaya, maƙabarta ɗaya. Wanda ka gaya wa baƙar magana yau, gobe shi zai kama maka gawa. Ga kuma kunya, wadda ta ɗaure bakin suruka a gaban uwar miji, da na ƙani a gaban wa, da na talaka a gaban hakimi. Bayan kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano a 1950, magoya bayanta na karkara sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta wancan lokaci, kuma a irin wannan yanayi waƙa da habaici suka zama hanyar faɗin abin da ba a isa a faɗa da suna ba. Ina ganin girman habaici saboda wannan. Shi ne zauren wanda ba shi da zaure.

Amma garkuwar da ke kare mai rauni ita ce ke kare maƙaryaci. Zargin da aka yi a fili ana iya cewa a kawo shaida. Habaici ba ya karɓar amsa: ka yi shiru a ce ka amsa laifi, ka tanka a ce ka tsargu. Na san yarinyar da aka fasa aurenta a wani ƙauye maƙwabcinmu saboda baiti biyu da aka rera a dandali daren wani biki. Ba a ambaci sunanta ba, an dai ambaci launin mayafi da hanyar rijiya. Wa iyayenta za su kai ƙara, kuma a kan me? Malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki irin wannan da wasa ba. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin mutum biyu da suka yi cacar baki a zamanin Sayyidina Umar, ɗaya ya ce wa ɗayan shi dai ubansa ba mazinaci ba ne, uwarsa ma haka. Bai ce komai a kan iyayen abokin faɗan nasa ba. Umar ya yi shawara, sannan ya sa aka yi masa bulala tamanin, haddin ƙazafi. Risala ma, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta tabbatar da haddi a kan ƙazafin da aka yi da shaguɓe. Wato shari'a ta gane cewa rabin da aka bar wa mai ji, mai faɗa ne ya shuka shi, kuma shi za a tambaya.

Kirari ta wata ƙofa yake shiga. Na taso na tarar da gayya, lokacin da maganin feshi da garmar shanu da 'yan ƙwadago ba su gama kore ta ba. Samari talatin ko arba'in a jere a bakin gona, kowa da kunyarsa, makaɗi da gangar noma yana bin su a baya, maroƙinsa na gefe. Zai fara da kirarin noman kansa, na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar. Sannan ya sa ido. In ya hango wanda aka bari a baya, ba zai ce masa rago ba. Sai ya matsa kusa da shi ya kira shi da sunan ubansa da na kakansa, ya tuna masa rumbunan da kakan ya cika, ya kira shi bijimi, ya kira shi gagara gasa. Na ga saurayi da idona, wanda ɗazu yake dafe da ƙugu, ya yi tsuma, ya kama fartanya ya wuce mutum biyar kafin a kai ƙarshen kunya, ya je ya zube a gindin ɗorawa yana haki.

Ba wanda aka yaudara a nan. Yaron ya san shi ba bijimi ba ne, ya san kakan nasa ma ya ga shekarun da rumbu bai cika ba. Kambamawa ba ta neman a gaskata ta, bashi take ɗora wa mutum. An kira ka da sunan da ba ka kai ba tukuna, a gaban jama'a, 'yan mata masu kawo fura suna ji, saura kai ka biya. A gona da gumi ake biya, kuma kowa ya ci riba. A gidan biki da kuɗi ake biya, kuma na san magidancin da ya liƙa wa maroƙi kuɗin takinsa a dare ɗaya, damina ta zo masararsa ta tsaya ta yi rawaya. Lokacin zaɓe kuwa, idan sojojin baka suka kira yaro namijin duniya, wanda ba ya gudu ba ya ja da baya, wani lokaci da jini ake biya, mai kirarin kuma yana gida. Wannan shi ake cewa ingiza mai kantu ruwa.

Tsakanin kamantawa da siffantawa kalma ɗaya ce tak, "kamar", kuma yara kan ɗauka bambancin na cin jarrabawa ne kawai. In ka ce wane kamar kura yake, mai ji yana da damar tambaya: ta wace fuska? A ci ne, ko a tsoro, ko a yawon dare? In ka cire "kamar" ka ce wane kura ne, tambaya ta ƙare. Duk abin da mai ji ya sani game da kura tun daga tatsuniyoyin kakarsa, kwaɗayi da zalunci da wauta da cin amana, sai ya kwaso ya jibga wa mutumin, ba ka faɗi ko ɗaya ba, balle a ce ka kawo hujja. Kuma hoton da aka ɗebo daga rayuwar mai ji ya fi saurin shiga. Na lura a tafsirin azumi a masallacinmu, idan aka zo ayar Suratul Baƙara da ta kamanta mai ciyarwa don Allah da ƙwaya ɗaya da ta fitar da zangarniya bakwai, kowace zangarniya da ƙwaya ɗari, ba a buƙatar dogon sharhi. Manomin da ya taɓa tsayawa a kan gindin gero yana ƙirga 'ya'yan da ya yi, ya riga malam isa wurin.

'Yan siyasa sun daɗe da sanin haka. Bayan zaɓen 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, don sai a 1991 aka cire ta, jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, ɓangaren Malam Aminu Kano da ɓangaren gwamna Abubakar Rimi. Saɓanin yana da dogon tushe, ya haɗa da yadda za a zauna da gwamnatin tarayya ta NPN da kuma tarukan da gwamnonin PRP ke yi da takwarorinsu na wasu jam'iyyu. Amma abin da ya iso ƙauye kalma biyu ne, santsi da taɓo, sunayen da aka laƙaba wa ɓangarorin biyu. Duk wanda ya taɓa bin hanyar fadama da damina ya san su a ƙafarsa, ɗaya ya kwashe ka, ɗaya ya riƙe ka. Sama da shekara arba'in ke nan, dattawan da ba za su iya jero maka dalilan rabuwar ba har yanzu suna iya nuna maka gidan ɗan santsi da gidan ɗan taɓo, da waɗanda suka daina gaisawa saboda haka.

Inda abin ke ba ni tsoro shi ne idan aka dabbantar da jama'a guda. Da kaka, musamman a yankin fadamar Haɗeja, wajen Guri da Kirikasamma, akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya, kuma saɓanin na gaske ne: burtali ya toshe, mashaya ta zama gona, shanu sun shiga amfanin da ba a kwashe ba. Kowanne daga ciki ana iya zama a kansa, a auna ɓarna, a biya. Amma na ji da kunnena a wata majalisa ana kiran makiyaya fara. Mai faɗar zafin gonarsa yake ji, ban ce ƙarya yake a kan ɓarnar ba. Sai dai kowane hoto da maganinsa yake tafe. Ba a kai fara gaban dagaci, ba a tambayar wacce ta ci wacce ba ta ci ba, abin da ake mata kuma kowa ya sani. Mutumin bai ce a yi komai ba. Yaran da ke gefe suna saurare su za su ƙarasa, yadda muka ƙarasa wa tsoho maganar bango. A Ruwanda a 1994, lokacin kisan ƙare dangi, wani gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Nisan ƙasar bai sa na ɗauki abin labarin wasu ba.

Akwai kuma dabarun da kunne ke kamawa kafin hankali ya iso: ƙafiya, kari, amshi. Su suka sa malaman jihadi, Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da sauransu, suka zuba wa'azi a waƙa, don abin da aka rera ya fi zama a ka, kuma mace tana iya ɗauke da shi daga wannan ƙauye zuwa wancan ba takarda a hannu. Amshi ya fi kowace dabara fito da abin da nake faɗa fili, don a nan da bakinka ake sa ka ƙarasa. Wanda ya amsa abu sau ashirin a cikin taro, da wuya ya koma gida ya ce bai yarda da shi ba. Je ka kasuwar Gujungu ran Lahadi, ko ta Maigatari ran Alhamis, ka tsaya kusa da mai tallar magani da lasifikarsa. Jero alamu yake cikin kari ɗaya, kasala da safe, ciwon baya, ɗacin baki, jiri in an miƙe, har ya faɗo a kan naka. Kai za ka ce a ranka, wallahi ni ne. Daga nan ciniki ya faɗa, saura miƙa kuɗi.

Duk waɗannan a baki aka haife su, a gaban mutanen da suka san juna. Yanzu sun koma rubutu a waya, kuma sun baro wasu kayansu a baya. Gatse a murya yake zaune. Uwa ta ce wa ɗanta, "Ci gaba, fasa shi," yaro ya ajiye tulun, don ya ji yadda aka faɗa. Rubuta wannan ka tura, muryar ba za ta bi shi ba. Habaici ma a tsakar gida yana da shinge: an san su wa ke ji, kuma akwai gwaggo ko uwargida da za ta leƙo ta ce ya isa haka. Amma yarinya ta ɗora layi ɗaya a WhatsApp, duk wanda suka ajiye lambar juna da shi ya gani, mutum goma su tsargu, tara ba da su take ba, kuma ba gwaggon da za ta tsawatar. An ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma waccan kasuwar da magariba take watsewa. Wannan ba ta watsewa.

Shi ya sa na sauya yadda nake koyar da darasin. Kafin in rubuta suna ko ɗaya a allo, nakan ce kowa ya zo da magana guda da ya ji a gida ko a gona ko a rediyo, wadda ta tsaya masa a rai. Sai mu titsiye ta. Me mai maganar ya bar maka ka ƙarasa? In muka tuɓe mata adon muka faɗe ta a fili, za ka yarda da ita? Wata maganar takan tsaya da ƙafarta, har ma a ga adon gaskiya yake taimaka wa ta shiga. Wata kuwa sai a ga ba komai a cikinta sai kari. Wani yaro ya taɓa kawo kirarin wani ɗan takara, muka tuɓe shi layi-layi, muka tarar ba alkawari ko ɗaya a ciki, sunayen namun daji ne da na duwatsu. Yaron ya ce shi kuwa duk ya haddace, har yana rera wa ƙannensa.

A zangon da ya wuce, wata yarinya 'yar aji biyar mai zama a layin baya ta kawo abin da innarta ke faɗa in tana tankaɗe, duk ranar da mahaifinsu ya dawo daga kasuwa ya wuce ɗakin amarya da leda. Ba zan maimaita shi a nan ba, sirrin gidansu ne. Na ce, "To, mu faɗe shi a fili mu gani." Ta ce, "Malam, ai in a fili ne Inna ba za ta faɗa ba. Ba ta da inda za ta faɗa." Na tsaya da alli a hannu. Shekarun nan duk ina koya musu yadda mai ji zai kare kansa, ita kuma ta zo mini da ɓangaren wadda wannan rabin maganar shi ne iyakar abin da aka bar mata. Na tambaye ta ko mahaifin nasu yana ganewa. Ta ce yana ganewa. Wani lokaci kasuwa ta gaba ledar takan fara biyawa ta ɗakinsu, wani lokaci kuma ya yi kamar bai ji ba. Aka kaɗa ƙararrawa ba mu kai ga rubuta sunan dabarar a allo ba.